Inda Saje Yake Zuwa da Azahar

Jama'a, kafin in fara, baiwar Allahn nan da ta rubuto min a ƙasan shafi cewa "soja ba mijin aure ba ne, ki gudu tun ƙafarki na da ƙarfi", na ga saƙonki. Wadda ta ce ni ce na cika zargi, in bar bawan Allah ya sha iska, ke ma na ga naki. Ku gyara zama ku biyun, don yau ni kaina ban san wadda zan ba gaskiya a cikinku ba.

Ga waɗanda yau suka fara leƙo mu, ni ce ƙarama a gidanmu, Auta kowa yake kirana har sunan ya kusa shafe na gaskiyar. A shagon tabarau nake aiki. Ina ɗaure ƙafar da ta kwance, ina goge gilashi, ina yi wa tsofaffi daɗin baki cewa tabarau ɗin ya mayar da su yara. A nan na haɗu da Saje. Bara ya ajiye kaki, amma sunan ya ƙi sakinsa, har mahaifiyarsa haka take kiransa. Tabarau ɗinta ya kawo gyara, a naɗe cikin hankici mai ninki kamar an bi shi da dutsen guga. Na nuna masa kujera ya ƙi zama, ya je ya jingina da bango yana ta kallon madubin da ke bayana. Ni kuwa sai gyaran mayafi nake ina wani yauƙi, na ɗauka ni yake kallo. Sai da muka saba na gane ashe ƙofa yake kallo ta cikin madubin. Duk da haka na so shi, kar ma ku tambaye ni dalili.

To yanzu magana ta kai inda ta kai. Ranar Asabar manyansa za su zo wurin Abba. Abba kuma ya riga ya faɗa min a gaban Umma: "Auta, ni ba zan zaɓa miki miji ba. In kin ce su zo, su zo. In kin ce a'a, shi ke nan, ba wanda zai tambaye ki dalili." Kun ga ke nan ni aka ɗora wa kayan, ni kuma hankalina ba a kwance yake ba.

Abin da ya hana shi kwanciya shi ne, kullum daga azahar zuwa la'asar Saje ɓacewa yake kamar ruwa ya cinye shi. Ba wai ba ya ɗaukar waya ba ne, a'a, wayar ce a kashe. Ga hirarmu ta ranar Litinin, na kwafo muku ita yadda take. Na tura nawa da rana tsaka, amsa ba ta zo ba sai da inuwa ta juya.

Ni: Kana ina?

Shi: Lafiya lau nake. Ke fa, kin ci abinci?

Ni: Ban tambayi lafiyarka ba. Na ce kana ina.

Shi: Ina nan kusa.

Ni: Kusa da me?

Shi: Kusa da ke mana, Mai Tabarau.

Ni: Saje.

Shi: Na'am, ranki ya daɗe.

Don Allah ku faɗa min, wace mace ce za ta karanta wannan ta ci abinci ya zauna mata? Da farko na yi ta ba shi uzuri. Ya taɓa ce min lokacin da yake aiki ko mahaifiyarsa ba ta sanin garin da yake sai ya baro shi, haka aka horar da su, ba a faɗin wuri a waya. Na ce to sabo ne, a hankali zai saki. Haka na yi ta lallashin zuciyata har ranar Talata.

Da yamma ya zo gidanmu. Na sa doguwar rigata ruwan ƙasa mai aikin zare a wuya, wadda ya taɓa cewa tana mayar da ni kamar malamar lissafi, na yafa siririn mayafi ruwan madara. Falonmu ba shi da girma: kujeru uku da Umma ta lulluɓe da farin yadi ta hana a cire, talabijin da ba ta nuna komai sai an mare ta a gefe, da kabad ɗin gilashi cike da kofunan da tun da aka haife ni ban ga an sha ko ruwa da su ba. Kujerar da ta fi laushi ita ce ta ba ƙofa baya. Saje bai taɓa zama a kanta ba. Kullum sai ya wuce can kusurwa ya zauna a mai ramin nan da ƙarfenta ke sukar mutum.

Na kawo masa shayi, na sunkuya zan ajiye, sai hancina ya kama wani ƙamshi. Mai zaƙi ne, irin na furanni, irin wanda mata ke zuba wa kaya a ruwan ɗauraya. Saje fa, da in an bar shi da sabulun wanki zai yi wanka! Na ɗago kai. Ni aikina kallon fuskar mutane ne daga kusa, duk abin da ke tsakanin kunne da hanci ba ya wuce ni. A kuncinsa na hagu akwai shati dogo, daga gefen ido har haɓa. Shatin filo. A fuskar mutumin da ya ce min wuni yake a sito yana lura da masu lodin siminti da rodi. Idanunsa kuma da na saba gani jajir da safe, ranar sun yi fari tas.

"Daga ina?" na ce, ina murmushin da bai wuce leɓe ba.

"Daga aiki."

"Aikin naku har da filo ake ba ku?"

Ya kai hannu kuncinsa da sauri ya shafa. Bai yi dariya ba, bai kuma musa ba. Ya dubi ƙofa, ya dubi kofi.

"Shayin nan ya ji sukari yadda nake so," ya ce.

Ko kurɓa bai yi ba tukuna. Na koma na zauna.

Duk wannan a kan idon Gwaggo. Gwaggo yayar Abba ce, ta zo mana jinyar gwiwa tun watannin baya, gwiwa ta warke, ita ba ta tafi ba. Ta yi ta ratsa falon wai cajar wayarta take nema, alhali ga cajar nan a naɗe a hannunta. Yana fita ta dafa ƙugu.

"Na ce ba! Wannan ba daga sito yake ba. Siminti ba ya ƙamshin nan."

Ashe babbar fitinar na tafe. Muna cin abinci Yaya ya shigo. Shi ne babban wana, gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi, don haka ba lungun da babur ɗinsa bai sani ba a garin nan. Tun farko bai so maganar Saje ba. Ya ajiye hular kwanonsa a kan kabad, abin da Umma ta hana, ya zauna ya ƙi wanke hannu.

"Abba, yau na biya ta sitonsu. Na yi kamar farashin siminti nake tambaya, na ja mai wurin da hira."

"Wa ya aike ka?" na ce.

"Ke rufe min baki, manya na magana. Mai wurin ya ce aikinsa ba wasa, ko ƙusa ba ta ɓacewa. Amma da azahar ta yi sai ya ɗauki hularsa ya fice, ya yi magana har ya gaji. Ya ce rannan taya ta fashe a bakin sito, kafin a ankara ya kifar da masu lodi biyu a ƙasa ya danne su da jikinsa, ɗaya har ya fasa leɓe. Ya ce wata na ƙarewa zai sallame shi. Kuma wannan ba shi ne wurin farko da aka sallame shi ba tun da ya dawo."

Umma ta ajiye cokali. "Innalillahi."

"Ban gama ba. Jiya na gan shi da idona. Ya shiga lungun da ke bayan tashar mota, ya duba gabas ya duba yamma, ya faɗa wata ƙofar baya mai shuɗin labule."

"Mace ce," in ji Gwaggo, har da tafa hannu. "In ba mace ba, ƙwaya. Waɗannan da suka dawo daga daji ai ba a rasa su da ɗaya."

"Haba Gwaggon yara, a bar zato mana," Umma ta ce, amma muryarta ba ƙarfi.

Na tashi tsaye na kare shi. Na ce Yaya ya cika sa ido, na ce mutumin da ya ba da ƙuruciyarsa don mu kwana lafiya bai cancanci a riƙa bin sawunsa kamar ɓarawo ba. Na yi magana mai daɗin ji, wallahi har Umma ta gyaɗa kai. Amma a cikina, duk kalmar da Gwaggo ta faɗa na riga ta faɗa. Abba ya bari sai da kowa ya gaji.

"Duk ji kuka yi, ba wanda ya ga cikin ɗakin," ya ce. "Auta, maganata tana nan yadda na faɗa miki."

Washegari na ce wa mai shagonmu haƙori ke damuna, har da dafe kunci. Na sa baƙar abaya da takalmi marar tsini, na zari wani ƙaton baƙin tabarau daga cikin na talla na maƙala, ina jin kaina kamar wata jami'ar sirri. Tasi ya sauke ni a tasha ana kiran azahar. Na raɓe bayan teburin wata mai sayar da lemo, na sayi guda biyu don kar ta kore ni.

Can sai ga shi a ƙafa, da rigarsa ruwan toka a soke cikin wando, tafiyar nan tasa kamar ana ƙirga masa. Ya wuce bakin lungun bai ko kalle shi ba. Ya tsaya gaban wata mota yana duba fuskarsa a gilashi, ya tsallaka titi, ya sake tsallakowa, sannan ya shige. Na ce a raina, mai gaskiya ba ya irin wannan tafiyar. Na daɗe a tsaye, rabina na cewa in koma shago, rabina na tsara abin da zan faɗa wa matar. Har na zaɓi kalmomin, masu zafi ne ƙwarai.

Lungun matsattse ne, ruwan kumfa na bin tsakiyarsa. Na ga labulen. Ban yi sallama ba, na ɗage shi na shiga, ƙamshin nan ya doki fuskata gaba ɗaya.

Bayan shagon wanki da guga ne. Riguna a rataye jere cikin leda, injin wanki na ta gurnani a gefe, ƙullin zannuwan gado a jibge har kusan rufi. Can gaba ana hango titi ta babbar ƙofar shagon. A tsakiya, bakin wata ƙofa da aka bari a buɗe rabi, wani gajeren mutum mai faɗin ƙirji yana zaune a kan kujerar katako marar majingina, yana ɗinka maɓalli a jikin wata riga. Ƙafarsa ɗaya a miƙe take sambal, daga gwiwa zuwa ƙasa ta roba ce. Ya ɗora yatsa a leɓe tun kafin in buɗe baki.

"Ke ce Mai Tabarau," ya ce a hankali. "Ni ne Kofur."

"Ina take?"

"Wa?"

"Matar."

Kafaɗunsa suka fara rawa, dariya yake ba sauti. "To ga ni. Ki yi haƙuri, ban samu na yi kwalliya ba." Ya nuna tabarau ɗin da ke fuskata. "Cire wannan, ba ya ɓoye ki. Yana shigowa ya ce min kina bayan mai lemo, ke kaɗai ce, kin sayi biyu. Ya ce in kin shigo in bar ki ki gani, shi bakinsa ba zai iya ba."

Kunya ta rufe ni har tafin ƙafa. Na cire tabarau na leƙa.

Ɗan ɗakin ajiya ne, ba taga sai wata ƙaramar kafa a sama. Saje na kwance a kan siririyar katifa, ya tada kai da ninkakken zanen gado, bayansa manne da bango, fuskarsa na kallon ƙofa. Takalmansa a ƙafarsa, igiyar a ɗaure. Bakinsa a ɗan buɗe. Barci yake irin wanda ban taɓa zaton babban mutum na yi ba, kamar an jefa dutse a rijiya. Ban san lokacin da idona ya cika ba.

"A can bibbiyu ake haɗa mu," Kofur ya ce, bai daina ɗinkinsa ba. "Ɗaya ya kwanta, ɗaya ya zauna ido buɗe. Ba ka rufe ido sai ka ji ɗan uwanka ya ce na karɓa. Ni da shi shekaru muka yi a haka. To mun dawo gida, an karɓi bindiga, an karɓi kaki, an yi mana tafi. Wannan kuwa ba wanda ya karɓa. A gidansu in dare ya yi kowa barci yake, ita Hajiya mahaifiyarsa da ƙannensa. Wa ke gadi? Sai ya zauna a tsakar gida har gari ya waye. Ni ma haka nake. Matata ta yi iya ƙoƙarinta, ta gaji ta koma gidansu, ban ga laifinta ba."

"Asibiti fa?"

"Mun je. Aka ba mu maganin barci. Ya sha sau ɗaya, ya farka bai san inda yake ba, ya rantse ba zai ƙara ba. Shi ne muka koma yadda muka iya. Ya fara kwanciya ni in zauna, in ya tashi ni in kwanta shi ya zauna, har ya karɓar min kayan masu kawo wanki. Da wannan ɗan barcin muke rayuwa, ni da shi."

"To me ya hana shi faɗa min?"

Ya ciji zare ya tsinke. "Ya ce miki me? Ƙato da gemunsa ba ya iya barci sai an yi gadinsa kamar jariri? Yanzu ma a unguwarsu cewa ake ya ɗan taɓu. Yana tsoron ki ji ki tafi, yana tsoron ya aure ki ba ki ji ba. Na ce masa Asabar ta kusa, ko ya faɗa ko ni in faɗa."

Sai ga murya daga bakin titi: "Mai wanki! Mai wanki, ka fito mana, sauri nake!"

Kofur ya tsuke baki. "Mai otal ne, in na ƙyale shi shigowa zai yi yana ihu." Ya dube ni sama da ƙasa kamar mai auna buhu. "Kujerar nan ba a barinta ba kowa, yana ji a jikinsa. Zo ki zauna. Abu biyu kawai. Kar ki taɓa shi, ko ƙuda kika gani a fuskarsa. Kuma kar ki bari kowa ya wuce ki. In za a tashe shi daga nan ake kira, ba a matsawa."

Na zauna, katakon da ɗuminsa.

"Ki faɗa."

"In faɗi me?"

"Ki ce kin karɓa."

Na ji abin wani banbaraƙwai, amma na faɗa. "Na karɓa."

Wallahi jama'a, ko ku yarda ko kar ku yarda, Saje ya saki wani dogon numfashi a cikin barcin, kafaɗarsa ta ƙara sauka. Kofur ya ɗingisa ya yi gaba.

Na zauna da lemona biyu a cinya ina kallonsa. Tausayi ya cika ni, da kunyar irin kalmomin da na shiryo. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, har a lokacin wani sashe na zuciyata lissafi yake. Wannan ce rayuwar da zan shiga? Ni da barci ke ɗauke ni ko a bas? In ya rasa aikin siton fa? Me kuma ya gani a can da bai faɗa wa kowa ba, ko me ya aikata? Ina son shi, ban taɓa son shi kamar a kan kujerar nan ba, amma tambayoyin ba su tafi ba.

Ban ji tsayuwar babur ba saboda ƙarar injin wanki. Sai dai na ga an fizge shuɗin labulen. Yaya ne, da hular kwano a hannu, fuskarsa a murtuke. Daga baya na ji ashe ya biya shagonmu ne Umma ta ba shi saƙo, aka ce masa haƙori ya kai ni asibiti, shi kuwa ya san haƙorana sun fi nasa lafiya.

"Auta! Ke ce a nan? Abin har ya kai ki biyo shi ɗaki?"

Na miƙe na ware hannuwa a bakin ƙofar. "Yaya don Allah a hankali, don girman Allah kar ka ɗaga murya, tsaya in yi maka bayani..."

"Bayanin me? Matsa!"

Hannu ɗaya ya sa ya ture ni, na bugu da ƙullin kaya, lemon suka gangara. Ya shiga, ya sunkuya, ya damƙi wuyan rigar Saje.

"Tashi, munafuki!"

Ban ga yadda aka yi ba. Na ga Yaya a tsaye, sai kuma na gan shi a ƙasa, Saje a kansa, gwiwa a ƙirjinsa, damtsen hannu a kan maƙogwaronsa. Ba ihu, ba zagi. Idanun Saje a buɗe suke, amma ba mu yake gani ba. Ƙafafun Yaya na ta shure-shure cikin zannuwa, fuskarsa ta fara yin duhu, bakinsa a buɗe ba abin da ke fita. Na ƙwala ƙara na yi kansu, sai na ji an fizgo ni ta baya da ƙarfi. Kofur ne, ya jefar da ni gefe, ya tsaya a bakin ƙofa bai shiga ba.

"Saje! Namu ne! Gida kake, Saje! Namu ne, sake shi!"

Ya maimaita, ya sake maimaitawa, da wata murya da ta cika shagon. A hankali na ga idanun sun dawo. Ya dubi fuskar da ke ƙarƙashinsa, ya janye hannu kamar ya taɓa wuta, ya ja da baya har sai da bango ya tare shi. Yaya ya juya gefe yana tari kamar zai amayar da hanjinsa.

Saje bai dubi Yaya ba, bai dube ni ba. Kofur ya kalla, muryarsa a dushe.

"Wa ke kan kujera?"

Kofur ya sunkuyar da kai.

"Ni ce," na ce.

Sai a lokacin ya juyo. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Gyaɗa kai kawai ya yi, ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa yana kallonsu.

Yaya ya miƙe yana dafa bango, ya kama hannuna ya ja ni waje. Bai iya tuƙa babur ɗin ba, a nan muka bar shi muka tari tasi. Duk hanya yana ta shafa wuyansa da ya fara kumbura. Muna kusa da gida wayata ta motsa a jaka.

Shi: Kar ki ɓoye musu komai. Yayanki bai yi laifi ba, ƙanwarsa yake karewa. Ban gane shi ba ne. Da ke ce ma ba zan gane ki ba.

Na karanta, na kife wayar a cinya.

A gida Gwaggo ta dasa salati tun daga bakin ƙofa, tana cewa ai ta faɗa, ta faɗa ba a ji ba. Umma na kuka tana gasa wa Yaya wuya da tawul da ruwan ɗumi. Abba ya kashe rediyonsa, ya saurari Yaya har ya gama da 'yar muryar da ta rage masa. Sannan ya ce in zo in zauna a gabansa, in faɗi nawa daga farko. Na faɗa duka, da mai lemo, da kujera, da saƙon da ya turo. Ban rage ba, ban ƙara ba.

"Mace kika samu?" Abba ya ce.

"A'a, Abba."

"Ƙwaya?"

"A'a."

"Kina tsoronsa?"

Na dubi wuyan Yaya. "Ina tsoro."

"To a fasa?"

Amsar ta fito da kanta.

"A'a, Abba. Su zo."

Gwaggo ta saki kabbara ta ɗora hannu a ka. Yaya ya yunƙura zai yi magana tari ya hana shi. Ni kuwa na ci gaba da sauri kafin ƙarfin gwiwata ya ƙare. Na ce ba mugu ba ne, ciwo ne, kuma ciwo ana neman maganinsa. Na ce zan sa shi ya koma asibiti, in wannan likitan bai yi ba a nemi wani. Na ce ai yanzu na san dokar, ba a taɓa shi yana barci, daga nesa ake kira, laifina ne yau da na bari aka wuce ni, ba zan ƙara ba. Zan koya, Abba, na ce, wallahi zan koya.

Abba na ta gyaɗa kai, bai katse ni ba. Da na gama ya yi magana a hankali, ba faɗa, ba fushi.

"Ke za ki koya, Auta, da girmanki da hankalinki. Yayanki ma yau ya koya. To ran da Allah ya ba ku ɗa, ya fara rarrafe, ya ga babansa a kwance ya je ya hau ƙirjinsa yana dariya, shi wa zai koya masa?"

Na buɗe baki, jama'a, wallahi na buɗe. Ga Asabar na tafe, har yanzu amsar nake nema, shi ya sa na kawo muku maganar.